Sawun Yanyawa: Marubucin Ƙetare da Ƙasar da Ya Baro

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Babu wanda wannan magana ta fi shafa kamar marubucin labarin binciken laifi, wanda Faransawa ke kira polar, domin shi wannan reshe na adabi ba ya yafe kuskuren wuri. Mai karatu na iya haƙuri da mawaƙin da ya ɓata hanya, amma idan jandarma ya bi ɓarawo ta lungun da babu shi a gari, labari ya rushe.

Moussa Konaté, ɗan ƙasar Mali da aka haifa a Kita a 1951, ya rasu a Limoges ta Faransa a 2013, misali ne da ya cancanci nazari. A littafinsa L'Empreinte du renard na 2006, ya tura kwamishinan ƴan sanda Habib daga Bamako zuwa ƙasar Dogon domin binciken wasu mace-mace. Hikimarsa ita ce ya mai da nisansa da gida ya zama halin tauraronsa: Habib ɗan boko ne, baƙo a cikin ƙasarsa, sai ya saurari dattawa kafin ya gane komai. Rauninsa kuwa, a wasu shafukan labari kan tsaya cik, a shiga yi wa mai karatun Turai bayanin al'ada, har a ji ƙamshin Le Renard pâle, littafin da Marcel Griaule da Germaine Dieterlen suka yi kan tatsuniyar Dogon game da halittar duniya, wanda ya fito a 1965.

Wannan tarko yana jiran duk ɗan Maraɗi da ke zaune a Faransa ko Kanada yana son ya gina labarinsa a gida. Madogara ba ta yi masa ƙaranci ba. Les Alhazai de Maradi na Emmanuel Grégoire, na 1986, ya bayyana yadda fatauci da Najeriya ya gina dukiyar attajiran garin. Tarihi zai sanar da shi ambaliyar 1945 da ta tashi tsohon gari daga bakin gulbi zuwa tudu, da rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, da karyewar darajar sefa a 1994. Rahoton ƙungiyar FIDH na 2002 kan yaran Tibiri da ruwan famfo ya lanƙwasa wa ƙasusuwa ya ishi littafi guda, domin a can ne tambayar wa ya sani, kuma yaushe ya sani, take da nauyin gaske.

Sai dai takarda tana tsufa. Wanda ya rubuta hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da sanin 1986 ya manta cewa an sake rufe iyakar a 2019 da 2023, kuma kowane rufewa ya sauya ƴan sumoga da hanyoyinsu. Hoton tauraron ɗan adam zai nuna masa fadamar Jiratawa da gonakin zogale, amma ba zai gaya masa wa ke da iko da rabon ruwa ba, ko yadda rigimar gona ke bi ta hannun mai gari da fadar sarki kafin ta kai gaban alƙali. A Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, mai binciken da bai iya gaisuwa ba zai dawo da littafinsa wayam.

Akwai kuma haƙƙi. Ƙaramin gari ba ya ɓoye mutum: a sauya suna, maƙwabta su gane gida. Marubucin da ke nesa ba zai haɗu da iyalin a wurin jana'iza ba, don haka nauyin taka tsantsan ya fi hawa kansa.

Konaté bai yanke zuwa Mali ba, yana cikin jagororin bikin adabin Étonnants Voyageurs na Bamako. Abin da ya rayar da littattafansa daga kunnensa ya fito, abin da ya nauyaya su daga ɗakin karatu. Mai son rubuta Maraɗi daga ƙetare ya karanta Grégoire da kyau, sa'an nan ya sayi tikiti, ya zauna a tasha ya ji yadda direbobi ke faɗin abin.