Wane Launi Ne Fatar Matattun Romero?

A shekarar 1968 George Romero da abokansa suka fitar da fim ɗin Night of the Living Dead, wanda suka ɗauka a ƙauyukan da ke kewayen Pittsburgh ta Amurka da kuɗi kimanin dala 114,000. Fim ne na baƙi da fari, labarin matattun da suka tashi suna cin naman masu rai. Har yau masu sha'awar haɗa 'yan mutum-mutumin finafinan ban tsoro ba su gaji da mutanen cikinsa ba, musamman dogon mutumin nan mai kwat da ya ɓullo yana tangaɗi a maƙabartar Evans City, wanda Bill Hinzman ya fito a matsayinsa, da yarinya Karen da ta kashe mahaifiyarta da cokalin gini.

Wannan sha'awa ta girmi fim ɗin. A 1961 kamfanin Aurora ya fitar da dodon Frankenstein na roba, gunduwa-gunduwa a cikin kwali, yara su haɗa su yi masa fenti, kuma ya samu kasuwa sosai. Sai dai mazubin ƙarfe na irin wannan roba tsada gare shi, don haka kamfani ba ya kashe kuɗi sai a kan dodon da kowa ya sani. Masoya ne suka cike giɓin da hannunsu. A Japan, wajen farkon shekarun 1980, suka fara sassaƙa abin da ransu ke so, su yi masa mazubin silikon, su zuba ruwan rezin kashi biyu da ke daskarewa cikin 'yan mintoci idan aka gauraya su. Daga nan abin ya bazu, har aka samu taruka irin su Wonder Festival a Japan da WonderFest a birnin Louisville na Amurka. Mazubin silikon ba ya jure zubi da yawa kafin ya fara yagewa, shi ya sa kowane samfuri kaɗan ake fitarwa, kuma kuɗinsa ba na yara ba ne.

Wanda ya buɗe kwalin irin wannan samfurin rezin zai tarar da kai daban, hannuwa daban, gangar jiki daban. Galibi girman kashi ɗaya cikin shida ne na mutum, wato tsayin kusan santimita 30. Aikin farko wanki ne da ruwa da sabulu, saboda maiƙon da aka shafa wa mazubi yana hana fenti kamawa. Sai kankare layin da bakin mazubi ya bari, da cike ramukan da kumfar iska ta yi, da gogewa da samfefa. A jiƙe ake gogar, da takunkumi a hanci, don ƙurar rezin tana cutar da huhu. Gam ɗin da ke narkar da robar Aurora ba ya yi wa rezin komai, sai Super Glue ko ifoksi, kuma ƙwararru sukan huda gaɓoɓin su zura wayar tagulla don kada hannu ya ɓalle. Duk wannan haƙuri kawai yake nema.

Gardamar tana wajen fenti. Fim ɗin bai nuna launin kowa ba. Jinin da aka gani a ciki ma ruwan cakulan ne na Bosco. Saboda haka dole mai fenti ya yanke wa kansa hukunci. Wasu sukan tsaya a kan baƙi da fari da toka-toka zalla, mutum-mutumin ya fito tamkar an ciro shi daga majigi. Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato, domin idan fuska da riga da kwat suka yi kusa da juna a duhu, komai sai ya cakuɗe. Wasu kuma sukan ba shi launin mutumin da bai daɗe da mutuwa ba: fata ta koɗe ta yi ɗorawa-ɗorawa, da shunayya a ƙarƙashin ido da leɓe. Sukan tsinka fenti mai duhu ya kwarara cikin lunguna, sannan su bi tudun kumatu da goshi da burushin da aka share har ya kusa bushewa.

Su kansu masu fim ɗin sun yi tuntuɓe a nan. Da aka zo wani fim ɗin Romero, Dawn of the Dead, a 1978, mai kwalliya Tom Savini ya shafa wa matattun toka-toka, amma a majigi da yawansu suka fito shuɗi-shuɗi, jinin kuma ja wur fiye da na gaske. Savini bai ji daɗi ba, Romero kuwa ya ga hakan ya dace da yanayin littafin zane da yake nema. Yau mai fentin samfurin wannan fim sai ya zaɓa: ya bi shuɗin da masu kallo suka sani, ko tokar da aka yi niyya. Da kamfanin Hal Roach ya sa wa fim ɗin 1968 launi a 1986, kore-kore ya yi wa fatar matattun.

Inda masu koyo suka fi ɓata aiki shi ne jini. Jan fentin Tamiya mai sheƙi yana da daɗin zubawa, sai mutum ya yi ta malalawa har sassaƙar ta nutse. Wannan ya saɓa wa fim ɗin 1968. Matattun 1968 ba ruɓaɓɓu ba ne irin Tarman na Return of the Living Dead na 1985. Maƙwabta ne cikin tufafinsu na yau da kullum, abin da ya sa suka fi ban tsoro ke nan. Mutumin maƙabartar nan, baƙin da ke zagaye da idonsa da ƙurar da ke jikin kwat ɗinsa sun wadatar, kuma samfurin da aka tsaya a kansu ya fi wanda aka yi wa wankan jini kama da shi.