Hoto Ya Yi Kyau, Amma Me Aka Rubuta A Ƙasansa?

Mai karatu, in kana cikin masu bin shafukan 'yan fim da marubutanmu a Instagram ko Facebook, na san ka lura da wani abu: hotuna sai ƙara kyau suke yi, amma rubutun da ake liƙawa a ƙasansu kullum jiya-i-yau. Jaruma za ta ɓata rabin yini a wurin mai kwalliya, ta biya mai hoto, a gyara haske, a goge ƙurajen fuska, sannan in an zo rubuta layi ɗaya tal da zai raka hoton sai ta ɗora "Alhamdulillah" da zanen zuciya guda uku, ta kama gabanta. Godiya ga Allah wajibi ce, babu mai cewa a daina. To amma in mutum ashirin suka saka hoto a rana ɗaya da kalma iri ɗaya, ai ka ga an daina magana da mai kallo ke nan.

Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne, bai kai a ɓata masa shafi ba. Da can ne yake ƙarami. A zamanin kaset, fim yana da masu yi masa talla: ga fosta a bangon gari, ga tirela a farkon kowane kaset, ga 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da ke cusa wa mai saye sabon fitowa a hannu. Wannan kasuwa ta riga ta faɗi. Tun da finafinai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka karɓe fage a 2020, kallo ya koma waya da talbijin, kuma layin nan da ke ƙasan hoto shi ya gaji fosta da tirela da ɗan kasuwa baki ɗaya. Instagram ya ba mutum damar rubuta haruffa har 2,200, amma layi ɗaya ko biyu na farko kawai yake nunawa, saura sai wanda ya ga dama ya buɗe. Ke nan cinikin duk a kalmomi goman farko ake yin sa.

Abin takaicin shi ne, ba yau muka fara wannan sana'a ba. Dubi sunayen littattafanmu. A lokacin da Balaraba Ramat Yakubu ta sa wa littafinta Wa Zai Auri Jahila? ba labari ta ba ka ba, tambaya ta jefo maka, kuma ba ka da sukuni sai ka ji amsar. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino rabin zance ne, mai karatu ke ƙarasa sauran a ransa. Marigayi Rabilu Musa kuwa kalma biyu ta ishe shi: ka ji Ibro Awilo ko Ibro Usama, tun ba ka ga fim ɗin ba ka fara murmushi. Kai, ko direban babbar mota da bai yi zurfi a boko ba ya san abin da zai rubuta a bayan motarsa wanda zai sa na biye da shi ya yi dariya ko ya yi tsaki. Al'ummar da ke da kirari da zambo da karin magana da zaurance, ita ce yau taurarinta ke rasa abin cewa a ƙasan hoto?

Wasu sun gudu zuwa Turanci. Wanda ke fim a Kudu, ko yake da mabiya a Legas da ƙasashen waje, wannan yana da hanzari. Amma akasarin abin da ake gani kwafe ne: a shiga intanet a ɗebo zancen hikimar wani Bature kan dogaro da kai, a manna shi a ƙasan hoton da aka ɗauka a gidan biki, babu haɗi ko na anini. Masoyan da ke ƙauyukan Katsina da Maraɗi, waɗanda su ne ke ƙona data wajen kallon fim ɗin, sai dai su danna alamar so su wuce.

Waɗanda suka tsaya a Hausa kuma, yawancinsu habaici suka riƙe, shi ma irin na ƙasa-ƙasa. Kullum mahassada, kullum maƙiya. Mutum ya sayi mota, mahassada su mutu. Ya ɗinka shadda, ta Allah ba tasu ba. Ya je Umara ma sai ya aiko wa maƙiya saƙo daga Harami. Jama'a, wai su waye waɗannan maƙiyan da ba sa hutawa? Habaici fasaha ce babba, kuma daɗinsa a ɓoyewa yake. Matar da ke daka tana yi wa kishiya habaici ba ta kiran suna, ba ta ma ɗaga kai, amma duk gidan an san inda kibiyar ta sauka, kuma in aka tuhume ta tana da mafita. Wanda ya fito ƙarara ya ce maƙiyansa su ci kansu bai yi habaici ba, ƙorafi ya yi. Mai kallo kuwa ya zo ne a nishaɗantar da shi, sai ya tarar an sa shi cikin layin waɗanda ake zargi.

Marubuta littattafai, waɗanda ya kamata su zama malaman kowa a nan, su ma ba su tsira ba. Yanzu da ake sayar da labari shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, tallar kusan guda ce: hoton wata 'yar Indiya, sai a ce labari ne mai cike da soyayya, cin amana, makirci da ban tausayi, kada ku bari a ba ku labari. Wannan jeri ya dace da littafi dubu, don haka bai tallata ko ɗaya ba. Da marubuciya za ta ce, "Ta yarda a yi mata kishiya, da sharaɗin ita za ta zaɓo ta," ai da ta gama da mu. Ƙullin labarin ake nunawa, a bar kwancewar ga wanda ya biya.

Akwai kuma masu tashoshin YouTube da ke rubuta "Innalillahi" a kan hoton jarumin da yana nan da ransa, don kawai a danna. Waɗannan ba su cikin zancen wasa da harshe. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma jarumin yana da uwa da ke riƙe da waya.

To yaya mai kyau yake? Ɗauki jarumar da ta fito daga wurin kitso, riƙe da tsinken tsire. Ta rubuta: "Gashi a kai, gashi a hannu, ga shi kuma ba zan ba ku ba." Ko jarumin da ya sha ranar lokeshan ya ce: "Kwana goma a daji, na yi baƙi. Na fuska fa, ba na falo ba." Ko Bakano ya ɗauki hoto a Ƙofar Doka ya ce ya zo duba bayinsa, ka ga kafin magariba Zage-zagi sun cika shafin da ramuwa, ana ta raha babu wanda ya ji haushi, domin wasa ne da kowa ya gada. Abin da ya haɗa ukun nan shi ne kowanne ya faɗi abin da hoton bai faɗa ba, ya kuma bar wa mai karatu ƙofar shigowa. Biyu daga ciki ma mai hoton kansa ya tsokana, abin da taurarinmu ke gudu kamar mutuwa, alhali shi ya sa aka so Ibro.

Sai dai fa wasan nan ba ya yiwuwa ga wanda bai damu da ƙa'idar rubutu ba. In ka haɗe "ga shi" ya koma "gashi", barkwancin farko ya rushe. In ka cire lanƙwasar ƙ, "na yi baƙi" ya zama "na yi baki", sai a hau tambayar wa ka tsine wa. Da ana fakewa da cewa waya ba ta da haruffan, amma Facebook ya shigo da Hausa tun 2016, kuma maballan Gboard suna da ƙ da ɗ da ɓ ga duk mai so, kyauta. Jarumar da ta iya zama awa uku a gyara mata gira, minti biyun sauya maballan waya ba zai gagare ta ba.