"Rana Irin Ta Yau": 31 Ga Disamba Tsakanin Shagari Da Bodinga

Wani salon ba da tarihi ya kama ƙasa a gidajen rediyo da shafukan Facebook na Hausa. A ɗauki kwanan watan Bature, a jero abubuwan da suka taɓa faruwa a cikinsa, a manna hoto, a rufe da "Allah ya jiƙan maza". Ana ce masa "Rana irin ta yau" ko "Yau a tarihi". Ba ya cin lokaci, ba ya neman dogon karatu, shi ya sa ya yi farin jini. Amma kowane salo yana da abin da yake iya ɗauka da abin da yake zubarwa, kuma garuruwa biyu da ke kan titin Sakkwato zuwa Jega, wato Bodinga da Shagari, sun isa a auna shi da su a ranar 31 ga Disamba, lokacin da hunturu ya fara kankama.

Jerin wannan rana yana da kauri. A 1980 Senghor ya sauka daga mulkin Senegal don kansa. A 1981 Jerry Rawlings ya kifar da Hilla Limann a Ghana. A 1983 sojoji suka hamɓarar da Alhaji Shehu Shagari. A 1999 Yeltsin ya miƙa wa Putin ragamar Rasha, a 2019 kuma aka fara sanar da duniya wata baƙuwar cutar huhu a birnin Wuhan. Mai sauraro zai ji kamar ya ƙaru, alhali babu abin da ya haɗa waɗannan sai lambar kalanda. Wanda ya ajiye mulki da hannunsa da wanda aka ƙwace wa da bakin bindiga sun sami layi ɗaya ɗaya, tsawonsu ɗaya, muryar mai karantawa ɗaya. Babban aibin salon ke nan: yana jerawa, ba ya aunawa.

Sai dai a garin Shagari ranar ba lamba ba ce kawai. A 1983 Asabar ce, da safe, mutane na lulluɓe da mayafi saboda ɗari, rediyo ta koma kiɗan soja, sannan aka ji muryar Birgediya Sani Abacha yana sanar da cewa gwamnati ta faɗi. Wata uku ke nan cif da rantsar da Shagari a karo na biyu, ranar 1 ga Oktoba. Birgediya Ibrahim Bako ya rasa ransa a Abuja wajen yunƙurin kama shugaban, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa. Shagari, tsohon malamin makaranta wanda ya fara boko a Yabo, Turakin Sakkwato tun 1962, ya zauna a tsare har 1986, da aka sake shi kuma aka ce ya koma garinsu ya zauna. Ga mutanen garin, juyin mulkin ne ya dawo musu da ɗansu gida, ko da yake ba ta hanyar da suka so ba.

Sannan ƙarshen Disamba ya sake zagayowa kansa. Ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamba 2018 yana da shekara 93, aka yi masa sutura a Shagari washegari. Buhari, wanda a lokacin ya dawo mulki ta akwatin zaɓe, ya ba da umarnin a sassauto da tuta na kwana uku daga ranar 30 ga wata. Ke nan ranar da juyin mulkin ya cika shekara 35, tutar Nijeriya tana ƙasa-ƙasa don girmama wanda aka kifar, bisa umarnin wanda ya gaje kujerarsa. A irin wannan wuri ne kaɗai salon yake biyan kuɗin sabulu, domin a nan kwanan watan ya haɗa abubuwa biyu da dama can suna da alaƙa.

Ita ma ranar hutu ba daga sama take faɗowa ba, mai mulki ne ke yanka ta. Nijeriya ba ta taɓa mai da 31 ga Disamba ranar biki ba. Ghana ta yi, shekara da shekaru ana faretin tunawa da juyin mulkin Rawlings, har sai da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a 1993 cewa bikin da kuɗin gwamnati ya saɓa wa tsarin mulki. Mu ma nan mun ga yadda aka ɗauke Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu aka kai ta 12 ga Yuni.

To, amma talaka da kwanan wata yake riƙe abin da ya same shi? Tambayi dattijo a kasuwar ƙauye yaushe aka haifi ɗansa, zai ce maka "shekarar canjin kuɗi", ko "damina biyu bayan an kama Shagari". Canjin kuɗin na Afrilun 1984 ne, lokacin da aka sauya launin takardun naira aka rufe iyakoki. A ƙasar Maraɗi yunwar da ta biyo bayan farin wannan shekara da rufe iyakar sunan Buhari aka laƙaba mata, kamar yadda kakanni suka raɗa wa yunwar 1914 Kakalaba, ta 1942 kuma 'Yar Gusau. Wannan tsohon salon ya fi sabon gaskiya ta fuska ɗaya: yana ba abu suna gwargwadon yadda ya taɓa tukunya. Rauninsa shi ne shekaru na iya cakuɗewa a bakin mai ba da labari, a nan kuwa kalanda ta fi shi.

A Bodinga ne salon yake yin tuntuɓe sosai. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Bodinga ta yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan faɗuwar Alkalawa ta 1808, kimanin shekara biyar, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi yana Bodinga, kusa da shi. Waɗannan malamai sun fi kowa kula da kwanan wata, sukan rubuta rana da wata da shekara a ƙarshen littafi, amma da lissafin Hijira. Shehu ya rasu ranar 3 ga Jimada Sani 1232, daidai da 20 ga Afrilu 1817, a tsakiyar zafin bazara. Wace ce "rana irin ta yau" a nan? In ka bi Afrilu, ka riƙe yanayin ka saki watan da almajiransa suka rubuta. In ka bi watan Musulunci, ranar za ta riƙa matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, har ga shi a 2022 ta faɗo a ƙarshen Disamba, cikin hazo. Shi kansa juyin mulkin 1983 a ƙarshen Rabi'ul Awwal 1404 aka yi shi, watan Mauludi, amma ban taɓa jin an tuna da shi a watan ba.

Haka bukukuwan da mutanen yankin suka ɗauka da muhimmanci suke. Jajibirin sabuwar shekara na Kiristoci ne da ke kwana a coci da ma'aikacin da ke jiran hutun 1 ga Janairu. Sallah kuwa ba ta da mazauni a kalandar bango, sai abin da Fadar Sarkin Musulmi ta sanar bayan ganin wata. Shekarar 2006 ta ga Babbar Sallah har sau biyu, ɗaya a Janairu, ɗaya a kwanakin ƙarshe na Disamba, kuma ta biyun ita ce ta farko ga Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar a kan gadon sarauta. Manomi ma yana da nasa lissafin na taurari, su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a, kowanne kwana goma sha uku, wanda da shi yake sanin lokacin shuka. Mutum ɗaya a Bodinga yana tafiya da lissafi uku a kansa, salon rediyo ya zaɓi wanda ya fi nisa da gonarsa da masallacinsa ya ce shi ne tarihi.

Akwai kuma abin da ko an gyara lissafin ba zai shiga jerin ba. Salon yana son abin da ya faru farat ɗaya: harbi, rantsuwa, mutuwa. Zaman Sifawa ba haka yake ba. Shekaru ne na karantarwa da rubutu da shari'a, a cikinsu Shehu ya raba kula da daula a 1812, yamma ga Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello. A wannan shekarar Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, a 1813 Abdullahi ya haɗa Tazyinul Waraƙati, littattafai biyu da har yau masu binciken tarihin jihadi suke komawa gare su don sanin ranakun yaƙin Tabkin Kwatto da na Alwasa.