Ɗanyen hoto da shawarar juyawa zuwa DNG: ɗan sharhi

A shekarar 2004 kamfanin Adobe ya fito da tsarin DNG, ya kuma bayyana ƙa'idojinsa a fili, domin ya zama mazubi guda na abin da masu ɗaukar hoto ke kira RAW, wanda mu za mu kira ɗanyen hoto. Tun daga nan wata shawara ta bazu tsakanin masu sana'ar: a juya fayil zuwa DNG, a shafe na asali. Rabin shawarar na biyu ne muke son tankaɗewa a cikin wannan ƴar takarda.

Sai mu fara da ma'ana. Ɗanyen hoto bai zama hoto ba tukuna. Lissafin haske ne da idon kyamara ya auna, inda kowane ɗigo ke riƙe da launi ɗaya tak, ja ko kore ko shuɗi. Sai manhaja ta ƙiyasta sauran kafin ido ya ga wani abu. Kowane kamfani kuma da nasa shirin: Nikon na da NEF, Sony na da ARW, Canon ya bi ta CRW da CR2 har ya kai CR3 a 2018.

Tsoron masu ba da shawarar yana da tushe, ba mu musa ba. A 2005 aka gano cewa Nikon ya kulle bayanin daidaita farin launi cikin fayilolin kyamarar D2X, kuma a shekarar ce ƙungiyar OpenRAW ta tashi tana neman kamfanoni su buɗe tsarinsu. Leica da Pentax sun karɓi DNG. Canon, Nikon da Sony ba su karɓa ba.

To amma ina gizo ke saƙar? Manhajar da ke juyawa ba ta iya fassara abin da ba ta gane ba. Bayanan da kamfani ya ɓoye, ko dai ta kwashe su a dunƙule, ko wani abu ya zube a hanya, mai fayil bai sani ba. Manhajar kamfanin da ya ƙera kyamarar, ita da ta san sirrin, galibi ba ta buɗe DNG ɗin da aka juyo. Adobe da kansa ya bar zaɓin cusa fayil na asali cikin DNG, abin da ke kusan ninka nauyinsa. A ganinmu wannan zaɓi amsa laifi ne.

Abin da shawarar ta manta shi ne aikin Dave Coffin, wanda ya warware tsarin ɗaruruwan kyamarori cikin dcraw, manhaja mai buɗaɗɗen rubutu. Fitowarta ta ƙarshe a 2018 ce, ba ta karanta CR3. LibRaw ce ta ɗora daga inda ta tsaya. Wato fayil na asali ba maraya ba ne kamar yadda ake faɗi, ko da yake riƙonsa na hannun mutane ƙalilan.

Zancen ya shafe mu kai tsaye. Ɗalibin da ya ɗauki hoton rubutun ajami a gidan wani malami a Damagaram, mai yiwuwa ba zai sake samun izni ba, ko gara ta riga shi. Tawadar da ta dushe kan fito idan aka sake sarrafa ɗanyen fayil mai bit 14, abin da JPEG mai bit 8 ba ya bayarwa. Ga irin wannan aiki muna ajiye na asali, da kwafin TIFF, da rubutun manhajar da ta karanta shi, a wuri biyu aƙalla. DNG na iya shiga na huɗu, in faifai da sauran wuri.