Tsere Biyu Kacal: Yadda Formula 1 Ke Renon Direbobi da Yadda Take Watsar da Su

A watan Maris na 2025, ƙungiyar Red Bull ta sauke Liam Lawson daga babbar motarta bayan tsere biyu kacal. Matashin ɗan ƙasar New Zealand yana cikin shirin renon direbobi na ƙungiyar tun 2019, ya yi gasa a Turai da Japan a ƙarƙashin inuwarta, kuma ita ce da kanta ta ce shi ya cancanci zama gefen Max Verstappen. Ya je Melbourne ya yi karo cikin ruwan sama. Ya je Shanghai ya zo na ƙarshe a zagayen neman gurbi. Filayen nan biyu bai taɓa yin tsere a kansu ba. Kafin a isa Japan, an mayar da shi ƙaramar ƙungiyar Red Bull, an miƙa wa Yuki Tsunoda kujerar.

A nan ɗayan biyu ne. Ko dai shekara shida da aka yi ana nazarin yaron ba su koya wa shugabanninsa komai ba, ko kuma tsere biyu ba su isa a yanke wa mutum hukunci ba. Kowanne aka ɗauka, laifin yana wuyan manya.

Hanyar zuwa Formula 1 doguwa ce, kuma kuɗi take ci. Yaro yakan fara da 'yar ƙaramar motar kart yana shekara shida ko bakwai. Idan ya kai 15 sai ya shiga Formula 4, daga nan gasar yanki, sai Formula 3, sai Formula 2, wadda kaka guda a cikinta takan lashe Yuro miliyan biyu ko fiye. Hukumar FIA, mai kula da tseren motoci, ba ta ba da babban lasisi sai direba ya tara maki 40 daga waɗannan gasanni. Kujerun da ake wannan wahala dominsu kuwa 20 ne a duk duniya, sai a 2026 shigowar Cadillac ta mayar da su 22.

Saboda haka ba za a raina alherin makarantun ƙungiyoyi ba. Iyayen Esteban Ocon sun sayar da gidansu a Faransa, suka koma kwana a motar tafi-da-gidanka don ɗansu ya ci gaba da tsere, kuma da Mercedes ba ta tallafe shi ba, da wuya ya kai inda ya kai. Mahaifin Lewis Hamilton ya haɗa ayyuka da yawa a lokaci guda kafin McLaren ta ɗauki nauyin yaron a 1998, yana ɗan shekara 13. Ferrari ta kafa tata makarantar a 2009, ta ɗauki Charles Leclerc a 2016, ta bar shi ya ci GP3, ya ci Formula 2, ya yi kaka guda a Sauber, sannan ta ba shi jar mota a 2019. Wannan shi ne reno mai tsari, mataki bayan mataki.

Sai dai tun da Verstappen ya fito, kan kowa ya juya. Ya fara Formula 1 a 2015 yana shekara 17, bayan kaka ɗaya tak a motocin da suka fi kart. Abin ya tayar da hankalin FIA har ta sa dokar cewa sai direba ya kai shekara 18. A watan Mayun 2016 Red Bull ta sauke Daniil Kvyat ta ɗora shi, ya ci tseren Sifaniya a fitowarsa ta farko. Daga ranar kowace ƙungiya ta shiga neman nata Verstappen ɗin, kuma tsoron kada abokiyar hamayya ta riga ta ya sa ake ƙulla kwantiragi da yaran da ba su gama ƙaramar sakandare ba. Mercedes ta ɗauki Kimi Antonelli yana 12. McLaren ta ɗauki Ugo Ugochukwu, ɗan Amurka wanda mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, yana 13, kuma ya ci tseren Macau a 2024.

Abin da aka manta shi ne irin Verstappen ba ya zuwa kowace shekara, kuma an auna sauran yara da ma'aunin da ba nasu ba.

Ga shi kuma damar koyon motar ta ragu. A zamanin da Hamilton ke shirin fitowa a 2007, sabon direba yakan yi dubban kilomitoci na gwaji a ainihin motar kafin tserensa na farko. Daga 2009 aka hana gwaji a tsakiyar kaka don rage kashe kuɗi. Yau yaron yakan wuni a wani ɗaki mai duhu a masana'antar ƙungiya, zaune cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, allo ya kewaye shi, injiniya yana magana a kunnensa. Bayan kowane zagaye sai a ɗora layin tuƙinsa a kan na babban direba a kwamfuta: ga inda ka taka birki da wuri, ga kwanar da ka yi jinkirin ba da wuta, ga kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da ka zubar. Na'urar tana koyar da abubuwa da yawa. Amma ba ta koyar da yadda wuya ke sagewa a zagaye na hamsin, ko yadda taya mai sanyi ke zamewa idan iska ta sauya, ko yadda zuciya ke bugawa idan an san shugaba yana kallo da biro a hannu. Dokar da ta tilasta wa ƙungiyoyi ba sababbin direbobi atisayen ranar Juma'a, wadda aka ninka zuwa sau huɗu a 2025, awa huɗu ce kawai a shekara.

Red Bull ce ta fi kowa samar da gwanaye tun da ta kafa shirinta a 2001 a hannun Helmut Marko, kuma ita ce ta fi kowa saurin fushi da su. Ta sauke Pierre Gasly bayan tsere 12 a 2019, shekarar da ta biyo baya ya ci Monza a cikin ƙaramar motar. Ta ajiye Alex Albon a ƙarshen 2020, ya dawo a 2022 ya zama ginshiƙin Williams. Carlos Sainz ya bar gidan ba tare da an taɓa ba shi babbar motar ba, ya je ya ci tsere huɗu a Ferrari. Masu kare wannan salo suna cewa matsi ne ke fito da zakara, suna nuna Sebastian Vettel da Verstappen. Amma jerin waɗanda suka yi fice bayan ta juya musu baya ya yi tsawon da ba za a ce tsautsayi ba ne.

Mercedes ta nuna cewa ana iya gaggawa ba tare da rashin haƙuri ba. Ta tsallake da Antonelli Formula 3 gaba ɗaya, ta ba shi gwaji mai yawa a tsofaffin motocinta. A atisayensa na farko a Monza a 2024, bai daɗe da fita ba ya rafka motar George Russell da katanga a kwanar Parabolica, gaban mutanen ƙasarsa. Washegari ƙungiyar ta sanar da cewa shi ne magajin Hamilton. Ya yi ta tuntuɓe a tsakiyar kakar 2025, ba wanda ya taɓa kujerarsa, kuma ya hau mumbari a Kanada yana 18. Yaro ba ya bukatar fiye da haka: a yanke shawara a kansa da idon basira, sannan a tsaya a kanta.

Wani ɓangaren da ya fi ciwo shi ne makomar waɗanda suka yi duk abin da aka ce su yi. Oscar Piastri ya ci gasa uku a jere daga 2019 zuwa 2021, har da Formula 2, amma Alpine ta zaunar da shi shekara guda a benci, har McLaren ta ɗauke shi bayan shari'ar kwantiragi. Felipe Drugovich ya ci Formula 2 a 2022, Théo Pourchaire ya ci a 2023, kuma doka ta hana zakara komawa gasar. Dukansu ba su sami kujera ba. Oliver Bearman kuwa ciwon da ya kama Sainz a Jidda a 2024 ne ya buɗe masa ƙofa a Ferrari: awa guda ya yi atisaye, ya zo na bakwai, Haas ta ɗauke shi. Ya cancanta, babu shakka, amma tsarin da sai wani ya kwanta asibiti kafin a ga gwanintar yaro yana da gyara.

Gyaran bai fi ƙarfin FIA da ƙungiyoyin ba. A ƙara wa sababbin direbobi kwanakin gwaji a motar bana, a bar zakaran Formula 2 ya kare kambunsa idan bai sami gurbi ba, kuma ƙungiyar da ta ɗora matashi a mota ta ba shi kaka cikakkiya. Lokacin da Cadillac ta zo da sababbin kujeru biyu, Sergio Pérez da Valtteri Bottas ta ba, dukansu sun haura shekara 35. Drugovich, bayan shekara uku yana jiran gado a Aston Martin, ya tattara ya koma Formula E.