Dukawa da Aikin Kube a Ƙasar Maraɗi

A garuruwan ƙasar Maraɗi irin su Gidan Sori da Agye da Gazawa, makiyayi ko mahauci ba ya rabuwa da wuƙa, wuƙa kuwa ba ta ɗaukuwa sai da kube, wato gidan fata da ake soka ta a ciki domin a ɗaura ta a ƙugu ko a damtse, riga ta rufe ta. Mai wannan aiki shi ne baduku, kuma ƙwarewarsa ta cancanci yabo, domin kuben da ya yi sako-sako zai zubar da wuƙa idan mutum ya sunkuya, wanda ya matse kuma zai hana ta zaruwa lokacin buƙata.

Aikin yana farawa ne daga majema, masu jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya zube, sannan su jeme ta da bagaruwa, su shafe ta da mai har ta yi laushi. Fatar da aka fi so ita ce ta jar akuyar Maraɗi, wadda irinta fatake suka riƙa ƙetarawa da ita Sahara daga Kano, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Baduku yakan auna ruwan wuƙar, ya yanka fatar daidai da shi, ya rina ta ja da karan dafi, sannan ya huda da basilla ya ɗinke, yana karkatar da ɗinkin daga kaifi don kada wuƙar ta cinye zaren. Bakin kuben, inda ya fi shan guga, shi yake ninkawa biyu, kodayake mai saye bai cika lura da wannan ba.