Zaɓen Waƙoƙi da Siffar Mawaƙi: Tsokaci kan Faifan Legend

Duk wanda ya tsinto shahararrun waƙoƙin wani mawaƙi ya tara su a faifai guda, to, hukunci ya yanke game da ko wane ne mawaƙin. Misalin da za mu duba shi ne faifan Legend, wanda kamfanin Island ya fitar a 1984, shekara 3 bayan mutuwar Bob Marley, mawaƙin ƙasar Jamaika.

Waƙoƙi 14 ne a bugun farko, babu ta yarwa a cikinsu. Abin lura dai shi ne jigo. Soyayya da sanyaya zuciya su suka rinjaya, kamar a "Is This Love" da "Three Little Birds". Gaskiya ne an sa "Get Up, Stand Up" da "Redemption Song", amma ba a ɗauko ko waƙa ɗaya ba daga Survival na 1979, faifan da ya fi saura zafi kan 'yancin Afirka. A cikinsa "Zimbabwe" take, wadda ya rera a bikin 'yancin kan ƙasar a 1980. Haka ma "War" ta 1976, wadda aka gina kan jawabin Sarki Haile Selassie a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963, ba ta sami shiga ba.

Kasuwar Turawa aka nufa, shi ya sa aka rage yajin. Ɗalibin da ya san Marley ta wannan faifai kaɗai zai zaci mawaƙin soyayya ne mai ɗan taɓa siyasa. Hatta hoton bangon, wanda ya dafa haɓa yana tunani aka zaɓa.